Lokacin da Garkuwar Jikina Ta Far wa Gaɓɓaina

Ni malama ce a wata makarantar sakandaren 'yan mata, kuma ilimin halittu nake koyarwa, saboda haka sunan ƙwayoyin T ba baƙo ba ne a wurina tun kafin ciwo ya same ni. Nakan zana su a jikin allo, in shaida wa ɗalibai cewa suna cikin fararen ƙwayoyin jini masu kare mutum daga cuta, sannan mu wuce babi na gaba. Abin da littafin aji bai kawo ba shi ne cewa waɗannan ƙwayoyi suna iya ɓata lissafi su far wa jikin da aka halicce su domin su tsare, kuma wannan ne tushen ciwon da nake rayuwa da shi, wanda likitoci ke kira amosanin gaɓɓai na rumatoyid. Na rubuta labarina ne domin matan da ake ce musu sanyi ne kawai, su yi haƙuri, alhali ƙashinsu yana cinyewa a ɓoye.

Ciwon ya soma ne da ɗan tsami a wuyan hannuwana kafin in samu cikin ɗana na uku, ina ɗora laifin a kan yawan rubutu da makin takardun jarrabawa. Da cikin ya yi ƙwari sai tsamin ya ɓace gaba ɗaya, har na manta da shi. Bayan na haihu, na gama wankan jego, an yi arba'in, sai ya dawo da ƙarfin da ban taɓa sani ba. Da asuba nakan farka in tarar yatsuna sun sandare, gaɓɓan tsakiyarsu da na gindinsu sun kumbura, hagu da dama daidai wa daida, kuma idan aka taɓa sai a ji ɗumi. Ɗaukar buta domin alwala ya zama aiki, sai na rungumo ta da tafukan hannu biyu in karkata. Abin da ya fi ci mini rai shi ne goyo: zan ɗora yaro a baya, in jawo zani, in kama bakinsa biyu, amma yatsun su ƙi matsewa, sai in tsaya a sunkuye yana kuka ina jiran 'yata ta fari ta zo ta ɗaure mini majanyi. Hannuwan ba sa saki sai hantsi ya dubi ludayi, ga wata gajiya mai nauyi wadda barci ba ya kawar da ita.

Inna, mahaifiyata, ta duba hannuwan ta ce, "Ke dai ba ki gasu ba ne, 'yar nan, ruwan wankan bai ratsa ki ba." Aka koma dafa ruwa, aka kawo jiƙe-jiƙe, aka kira wanzami ya yi mini ƙaho a gwiwa, wasu kuma suka fara raɗe-raɗin ko hannu aka sa mini. Ban ga laifin kowa a cikinsu ba, domin da abin da suka sani suka taimake ni, kuma da ƙauna suka yi. Abin da har yau yake damuna shi ne haɗin ƙwayoyin da ake ƙulla wa mutane a leda a wasu shagunan magani ba tare da an faɗi sunan ko ɗaya ba. Na sha irinsa, kuma a kwanakin farko na ji kamar an cire mini ƙaya, na riƙe alli, na yi wanki. Sannu a hankali fuskata ta cika ta yi zagaye, mutane suna yi mini barka da samun lafiya da ƙiba, cikina kuma yana ƙuna dare da rana. Daga baya likita ya tabbatar mini cewa wannan cikar fuska alamar maganin kumburi mai suna firedinisolon ce ko danginsa idan aka daɗe ana sha da yawa, ƙunar cikin kuma aikin magungunan kashe zafi ne irin su daikulofenak.

Sai da aka yaye yaron sannan wani likita a babban asibitin garinmu ya tura ni asibitin koyarwa, wurin ƙwararren likitan cututtukan gaɓɓai, waɗanda ba su da yawa a ƙasar nan, shi ya sa layin ganinsu yake da tsawo. Ya matsa gaɓɓaina ɗaya bayan ɗaya yana ƙirga masu kumburi da masu zafi, ya tambayi tsawon lokacin da sandarewar safe take ɗauka, sannan ya rubuta gwaje-gwajen jini da hoton hannuwa. Da sakamako ya fito, ya ɗaga hoton a gaban fitila ya nuna mini gefen ƙashin gindin manuniyata, inda wani ɗan gurbi ya bayyana, ƙarami ƙwarai, amma a fili. Ya ce, "Malama, wannan wurin da kike gani ƙashi ne ya cinye, kuma abin da ya cinye ba ya dawowa. Aikinmu shi ne mu tsare sauran." Na tambaye shi ko wace ƙwayar cuta ce ta shige ni, ya ce babu wata baƙuwar ƙwaya, garkuwar jikina ce da kanta. Da ya ji aikin da nake yi, sai ya jawo takarda ya zana mini yadda abin yake faruwa, ni kuma na koma gida na ci gaba da karatu a kai, domin na ga cewa ba zan iya jure maganin shekara da shekaru ba idan ban fahimci abin da yake yi ba.

Ana haifar ƙwayoyin T a cikin ɓargo, amma ba sa fara aiki sai sun bi ta wata ƙaramar halitta da ke bayan ƙashin ƙirji mai suna taimos, wadda take da ƙarfi a ƙuruciya, ta riƙa motsewa bayan balaga. Har zuwa 1961 ba a san amfaninta ba, sai da Jacques Miller ya nuna a Landan cewa jariran ɓeraye da aka cire musu ita suna tashi ba su da cikakkiyar garkuwa. A cikinta ake tantance ƙwayoyin, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 suna mutuwa a can, wasu saboda ba su iya gane komai ba, wasu kuma saboda suna damƙar sassan jikin mai su da ƙarfin da zai zama haɗari. Duk da wannan tsanani wasu masu haɗarin suna sulalewa su fita, shi ya sa Allah Ya sanya wani rukuni na ƙwayoyin T masu tsawatarwa, waɗanda aikinsu shi ne kwantar da 'yan'uwansu. Shimon Sakaguchi na Japan ne ya bayyana su a 1995, kuma a 2025 aka ba shi lambar Nobel tare da Mary Brunkow da Fred Ramsdell saboda wannan fanni. A jikin mai rumatoyid masu tsawatarwar suna nan, har a cikin gaɓar da ta kumbura ana samun su, amma tsawarsu ba ta isa ta tsayar da abin da ya riga ya tashi.

Rukunin ƙwayoyin T da ya fi hannu a ciwona shi ne wanda ake kira CD4. Da yawa daga cikinmu mun san wannan suna ta hanyar gwajin da ake yi wa masu ɗauke da cutar ƙanjamau, inda ƙwayar cutar ke hallaka su har garkuwa ta karye. Su ɗin ne dai, sai dai a wurina ba ƙaranci suka yi ba, umarnin da suke bayarwa ne ya karkace. Matsayinsu kamar na shugaban 'yan sintirin unguwa ne, wanda ba shi ke ɗaga gora ba, amma idan ya nuna mutum ya busa usur kowa zai fito da abin dukansa, ko da wanda aka nuna ɗan gida ne. Ƙwayar CD4 ba ta ganin abu kai tsaye, sai wata ƙwayar ta tsinko guntun furotin ta ɗora shi a kan wani mariƙi mai suna HLA ta miƙa mata. Siffar wannan mariƙi gadonta ake yi daga iyaye, kuma tun a 1978 Peter Stastny ya nuna cewa wani nau'insa ya fi yawa a cikin masu rumatoyid, sannan a 1987 Gregersen da Silver da Winchester suka gano cewa nau'o'in da ke jawo haɗarin sun yi tarayya a wani ɗan yanki guda na sashen mariƙin da ake kira HLA-DRB1. A ganina babu hujjar da ta fi wannan ƙarfi a kan cewa ƙwayoyin T suna tsakiyar al'amarin, domin babban aikin wannan mariƙi shi ne nuna musu abu, kuma shi ne mafi girman abin da ake gada a wannan ciwo.

Wane abu ne ake nuna musu har su ɗauke shi maƙiyi? A jikin kowane mutum, musamman inda kumburi ya auku, wasu sinadarai sukan sauya wani tubalin furotin mai suna arjinin ya koma sitirulin. Ga yawancin mutane wannan ba ya haifar da komai. Amma mariƙin da masu haɗarin suka gada yana kama guntun da aka sauya ɗin da kyau, ya miƙa shi ga ƙwayoyin T, su kuma su gan shi a matsayin baƙo. Hayaƙin taba yana ƙara wannan sauyi a cikin huhu, shi ya sa taba ce mafi tabbatuwar abin da ke ƙara haɗarin daga waje, haka nan ƙurar dutse da masu fasa duwatsu da haƙar ma'adinai ke shaƙa, kuma ana danganta shi da daɗaɗɗen ciwon dasashi. Ni ban taɓa shan taba ba, amma dasashina ya daɗe yana jini idan na yi asuwaki, kuma likitan ya tura ni wurin likitan haƙori tun a ganin farko. Da zarar ƙwayoyin T sun amince, sai su ba ƙwayoyin B, wato wani rukunin fararen ƙwayoyin jini, izinin ƙera makaman da ke manne wa furotin mai sitirulin, kuma waɗannan makamai ne gwajin anti-CCP yake nema. Nawa ya fito da yawa sosai. Bincike a kan jinin da aka adana na masu ba da gudummawar jini a Holan da Suwidin ya nuna cewa makaman suna bayyana shekaru kafin gaɓa ta fara ciwo, wani lokaci har shekara goma. Wannan ya girgiza ni, domin yana nufin ina tsaye gaban allo da ƙoshin lafiya a zahiri, abin kuwa ya riga ya soma.

A cikin kowace gaɓa akwai wani siririn tantani da ya lulluɓe ta daga ciki, shi ke fitar da ruwa mai yauƙi da ke sa ƙashi ya motsa ba tare da gogayya ba. Nan ne ƙwayoyin T ke taruwa. Suna zuga manyan ƙwayoyi masu haɗiye datti, waɗanda ake kira makurofaj, su riƙa zubo sinadaran kumburi irin su TNF da IL-6, wani reshe na ƙwayoyin T ɗin kuma yana fitar da IL-17 wanda ke ƙara kiran wasu fararen ƙwayoyin jini zuwa wurin. Tantanin sai ya yi kauri, ya tsiro ya hau kan guringuntsi yana narkar da shi, sannan a saki wani saƙo mai suna RANKL wanda ke tayar da ƙwayoyin da aikinsu na asali shi ne rushe tsohon ƙashi domin a gina sabo, sai su yi ta rushewa fiye da yadda ake ginawa. Gurbin da na gani a hoton hannuna aikinsu ne. Da na san haka sai sauran alamomin suka daina zame mini abin ruɗani: IL-6 yana hauhawa a ƙarshen dare, wanda yana cikin dalilan sandarewar asuba, kuma shi ne ke sa hanta ta hana jiki amfani da sinadarin ƙarfe yadda ya kamata, har jini ya yi ƙasa, mutum ya yi ta fama da kasala. Sauƙin da na samu lokacin ciki ma sananne ne, domin Philip Hench na asibitin Mayo a Amurka ya rubuta a kansa tun 1938, kuma neman dalilinsa na cikin abin da ya kai shi ga gwada kotizon, wani magani dangin firedinisolon, a kan wata mai rumatoyid a 1948. Jikin mai ciki yana sassauta garkuwarsa domin kada ya ƙi abin da ke cikin mahaifa, bayan haihuwa kuma sassaucin ya janye.

A lokacin ne na tuna Gwaggo, yayar mahaifina, wadda muka taso muka tarar da yatsunta sun karkace sun nufi wajen ƙaramin yatsa, ba ta iya tuƙa tuwo, ba ta iya kitse kan jikokinta, ana cewa iska ce ta taɓa ta tun tana da ƙuruciya. Ta rasu, Allah Ya jiƙanta, ba tare da an taɓa gwada jininta ba, amma siffar hannuwanta ita ce wadda na gani a littattafan likitanci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 18 ne ke da wannan ciwo a 2019, kusan kashi 70 cikin 100 mata ne, kuma ina yawan tunanin irin su Gwaggo da ke cikin ɗakuna a ƙauyukanmu, waɗanda ba su taɓa shiga lissafin kowa ba.

Maganin da aka ɗora ni a kai shi ne metotireksat, sau ɗaya a mako, tare da folik asid a wata ranar daban domin rage illarsa. Likitan ya maimaita mini, ya kuma rubuta da manyan baƙaƙe a jikin takarda, cewa sau ɗaya ne a mako ba kullum ba, domin shansa kullum yana iya kisa. Asalinsa maganin cutar daji ne, amma a ɗan ƙaramin awo yana kwantar da ƙwayoyin T da sauran masu kumburi, kuma tun 1988 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi domin rumatoyid. Kafin in fara an gwada hantata da ƙodata da yawan jinina, an duba ko ina da cutar hanta, kuma ana maimaita gwajin lokaci-lokaci. Akwai sharaɗi mai nauyi, wato ba a ɗaukar ciki a kansa saboda yana lahanta ɗan tayi, ba a kuma shayarwa. Likitan ya nemi maigidana ya shigo, ya ce masa, "Malam, wannan shawara ta ku biyu ce, kuma idan kuna son ƙarin haihuwa nan gaba ku faɗa mini tun da wuri, akwai magungunan da za mu sauya mata." Maigidana ya ce lafiyata ce a gaba, kuma bai taɓa sauya wannan magana ba. An rage mini firedinisolon a hankali, domin yanke shi farat ɗaya haɗari ne ga wanda ya daɗe a kansa.

Makonnin farko sun yi mini wuya. Maganin ba ya nuna aikinsa sai bayan mako shida zuwa goma sha biyu, ga tashin zuciya washegarin shansa, ga masu zuwa dubiya suna cewa wane irin magani ne wannan da ake sha ba a ga sauƙi ba, alhali na leda yana aiki a yini ɗaya. Abin da ya riƙe ni shi ne sanin bambancin da ke tsakaninsu. Mai kashe zafi yana toshe jin ciwo ne, ƙwayoyin T suna can suna ba da umarni, ƙashi yana ci gaba da cinyewa, shi kuwa na mako-mako can wurin masu umarnin yake zuwa. Da kumburin bai gama sauka ba sai aka ƙara mini haidiroksikulorokwin da salfasalazin, kuma da wannan haɗi na uku ne na wayi gari wata rana na murɗa murfin kwalba da kaina.

Akwai magunguna na zamani da ake yi ta allura, kuma tarihinsu ya ƙara mini fahimtar matsayin ƙwayoyin T. A farkon shekarun 1990 Marc Feldmann da Ravinder Maini suka nuna a Landan cewa toshe TNF kaɗai yana sauke kumburi ƙwarai, yayin da gwaje-gwajen kashe ƙwayoyin CD4 kai tsaye ba su ba da sakamakon da aka zata ba, har wasu masana suka fara ganin an zuzuta rawar ƙwayoyin T. Amsar ta zo ta wata hanya. Ƙwayar T ba ta tashi da ganin guntun furotin kaɗai, sai ta samu alama ta biyu ta tabbaci daga ƙwayar da ta miƙa mata shi. Aka ƙera wani magani mai suna abatasef domin ya tare wannan alama ta biyu, ya yi aiki, aka amince da shi a Amurka a 2005. A 2024 kuma aka wallafa sakamakon gwaje-gwaje biyu a Turai da suka nuna cewa ba da shi ga masu anti-CCP da ke jin ciwon gaɓɓai, tun kafin cutar ta bayyana sosai, yana rage ko jinkirta bayyanarta. Sai dai waɗannan allurai sun fi ƙarfin albashin malamar makaranta nesa ba kusa ba, suna buƙatar sanyin firiji a ƙasar da wuta ba ta tsayawa, kuma a wurinmu akwai ƙarin haɗari, domin TNF ne ke taimaka wa jiki ya killace ƙwayar tarin tibi da ke kwance a huhun mutane da yawa, idan aka toshe shi tana iya farkawa. Saboda haka ba a fara su sai an yi gwajin tarin da na cutar hanta.

Yau ina koyarwa cikakken lokaci. Manuniyata ta dama ta ɗan karkace kuma haka za ta zauna, nakan naɗa tsumma a jikin biro domin ya yi kauri, idan gwiwa ta motsa nakan yi salla a kan kujera, kuma duk zazzaɓin da ya kama ni ba na wasa da shi, tunda maganina yana rage ƙarfin garkuwa. A aji na daina wuce babin garkuwar jiki da sauri, nakan tsaya in faɗa wa 'yan matan alamomin da ya kamata su sa a nemi gwaji: kumburin ƙananan gaɓɓan hannu ko ƙafa a ɓangarori biyu, da sandarewar safe da ta wuce rabin awa, idan abin ya ɗauki makonni. Watannin farko su ne mafi daraja, domin a cikinsu ne magani ya fi iya hana ƙashi lalacewa.

Da ƙanwata ta kira ni bara ta ce zobenta ya ƙi fita da safe kuma wuyan hannuwanta biyu suna tsami, ban bari an dafa ruwa ba. Na ce mata, "Ki shirya, gobe zan zo mu tafi asibiti." Ta ce, "Yaya, ai ɗan sanyi ne, zai wuce," na ce ko da zai wuce sai an gwada. Anti-CCP ɗinta ya fito da yawa kamar nawa, amma hoton hannuwanta bai nuna gurbi ko ɗaya ba. An ɗora ta a kan metotireksat a wannan watan, kumburin ya sauka kafin shekara ta zagayo, kuma yanzu tana tattaunawa da likitan a kan sauya mata magani, domin ita da mijinta suna son su sake haihuwa.